Abdou Moumouni Dioffo: Ɗan Tasawa da ya je neman ilimin hasken rana ya dawo da shi gida

Duk ɗalibin da ya kammala karatu a babbar jami'ar birnin Yamai, akwai suna guda da yake fita da shi a saman takardar shaidarsa: Abdou Moumouni. Da wannan takarda matasan Nijar ke neman gurbin digiri na biyu da na uku a Dakar da Rabat da Zariya da Paris da Montreal. Sai dai da yawa daga cikinsu sunan kawai suka sani. Wasu na zaton ɗan siyasa ne, wasu kuma suna ɗauka wani tsohon minista ne.

Malamin kimiyyar fiziks ne, kuma shi ne ɗan Afirka baƙar fata na farko da ya ci jarrabawar agrégation ta Faransa a wannan fanni. Ya yi karatu a Senegal da Faransa da Tarayyar Sobiyet, ya koyar a ƙasashe huɗu na Afirka ta Yamma, sannan ya ƙare rayuwarsa a Yamai yana bin tambaya guda: yaya za a yi wannan rana da ke ƙona Sahel ta ɗumama ruwa, ta busar da amfanin gona, ta ja ruwa daga rijiya? Ya fara wannan aiki tun zamanin da man fetur ke da arha, lokacin da ba a san farantin sola a kan rufin kowa ba.

Daga Tasawa zuwa Sebikotane

An haifi Abdou Moumouni ranar 26 ga Yunin 1929 a garin Tasawa, tsakanin Maradi da Damagaram. Asalin gidansu Zabarmawa ne na gidan sarautar Kirtachi, wani gari da ke bakin Kogin Kwara a kudu maso gabashin Yamai. Shekara uku kafin haihuwarsa ne Turawan mulkin mallaka suka ɗauke babban birnin Nijar daga Damagaram suka mai da shi Yamai.

Ya fara lakwal a Damagaram, daga baya ya ci gaba a Yamai. A wancan zamani makarantar boko a Nijar 'yar ƙalilan ce, kuma ba don samar da masana aka buɗe ta ba. Abin da Faransa ke buƙata shi ne tafintoci da akawu da malaman firamare da mataimakan likita. Yaron da ya fi kowa ƙoƙari, iyakar inda za a kai shi ita ce makarantar William Ponty da ke Senegal, wadda ke tattaro zaratan ɗalibai daga duk yankin da Faransa ke mulka a Afirka ta Yamma.

A 1944 Abdou Moumouni ya shiga wannan makaranta, wadda a lokacin ta tashi daga tsibirin Gorée ta koma Sebikotane, kusa da Dakar. A wannan makaranta ne Hamani Diori da Djibo Bakary da Boubou Hama da Modibo Keïta na Mali suka yi karatu kafin shi.

Shekarun da ya yi a can shekaru ne masu zafi. A ranar 1 ga Disambar 1944 sojojin Faransa suka buɗe wuta a barikin Thiaroye kan sojojin Afirka da suka dawo daga yaƙin duniya na biyu suna neman haƙƙinsu. A 1946 aka soke aikin tilas, aka kuma kafa jam'iyyar RDA a Bamako. Daga 1947 zuwa 1948 ma'aikatan jirgin ƙasa na layin Dakar suka yi yajin aiki na watanni. Duk wannan ya faru a shekarun da yake ɗalibi a Senegal.

Bayan Ponty bai tsaya a aikin malanta kamar yadda aka tsara wa irinsa ba. Ya wuce makarantar Van Vollenhoven da ke Dakar, wadda yanzu ake kira Lamine Guèye, ya nemi takardar bakaloriya, wadda ita ce mabuɗin shiga jami'a.

Paris: lissafi da rana, siyasa da dare

A ƙarshen shekarun 1940 ya isa Paris, ya shiga azuzuwan share fage na makarantar Saint-Louis, inda ake gasa ɗalibai da lissafi da fiziks ba dare ba rana. A 1953 ya samu digirin farko a kimiyyar fiziks daga jami'ar Paris, a 1954 ya ƙara da babbar difloma ta bincike.

A 1956 ya tunkari agrégation. Wannan jarrabawa ta gasa ce: gwamnati ke ƙayyade yawan guraben da ake buƙata a kowace shekara, a yi jarrabawar rubutu, waɗanda suka tsallake su tsaya gaban alƙalai su gabatar da darasi, a fannin fiziks har da gwaji a gaban idonsu. Samun maki mai kyau bai isa ba, sai ka shiga cikin adadin da aka yanke. Abdou Moumouni ya ci yana da shekara 27. A wannan shekarar ce Joseph Ki-Zerbo na Haute-Volta, Burkina Faso ta yanzu, ya ci irin wannan jarrabawa a fannin tarihi.

Karatun bai hana shi gwagwarmaya ba. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar ɗaliban Afirka baƙar fata a Faransa, FEANF, a 1950. Ƙungiyar ta fara da maganar tallafin karatu da wurin kwana, amma ba a jima ba ta koma fagen neman 'yanci, har ta riƙa sukar 'yan majalisar Afirka da ke zaune a Paris suna sassautawa. Yana kuma cikin 'yan sahun farko na jam'iyyar PAI, wadda aka kafa a garin Thiès na Senegal a watan Satumbar 1957, mai aƙidar gurguzu, wadda ta fito ƙarara ta nemi cikakken 'yanci a lokacin da manyan jam'iyyu ke maganar zama a ƙarƙashin inuwar Faransa.

Mai takardar agrégation yana da tabbacin aiki da albashi mai kyau a tsarin Faransa har ya yi ritaya. Abdou Moumouni ya koma Dakar a 1956, ya zama malami a makarantar da ya zauna a bencinta shekarun baya.

Ranar da Gini ta ce a'a

Ranar 28 ga Satumbar 1958 Janar de Gaulle ya ba wa ƙasashen da Faransa ke mulka zaɓi: ko su zauna cikin tarayya da Faransa, ko su karɓi 'yanci nan take su rasa duk wani tallafi. A Nijar, Djibo Bakary da jam'iyyarsa ta Sawaba sun yi kiran a ce a'a, amma aka sanar cewa masu e ne suka yi rinjaye. Gini ce kaɗai, a ƙarƙashin Sekou Toure, ta ce a'a, ta kuma ayyana 'yancinta ranar 2 ga Oktoba.

Faransa ta mai da martani da janye ma'aikatanta cikin 'yan makonni, har da malaman makaranta da likitoci. Azuzuwa suka zama wayam. Masana 'yan Afirka daga ƙasashe daban-daban suka ajiye ayyukansu suka nufi Conakry don cike giɓin. Ki-Zerbo na cikinsu, Abdou Moumouni ma haka. Ya koyar a makarantar sakandaren Donka. Tafiyar ba ƙaramar kasada ba ce, domin duk wanda ya je Gini a lokacin ya san ya ɓata da hukumar da ke riƙe da albashinsa da ƙarin girmansa.

Daga Conakry ya dawo gida, ya koyar a babbar makarantar sakandare ta Yamai a daidai lokacin da Nijar ta samu 'yanci ranar 3 ga Agustan 1960. Zaman bai yi tsawo ba. Ƙasar na ƙarƙashin jam'iyya ɗaya, an haramta Sawaba, Djibo Bakary na gudun hijira. Babu jami'a, babu ɗakin gwaje-gwaje da mai bincike zai yi aiki a ciki.

Tafiya Tarayyar Sobiyet

A farkon shekarun 1960 ya samu tallafin karatu daga Cibiyar Kimiyya ta Tarayyar Sobiyet, ya zauna can har zuwa 1964 yana zurfafa bincike a kan makamashin hasken rana.

Zaɓin fannin abin lura ne. A lokacin, idon manyan masana fiziks na kan nukiliya da sararin samaniya. Ƙwayar sola ta farko mai amfani, wadda aka ƙera a ɗakin binciken Bell na Amurka a 1954, kashi 6 cikin 100 kacal na hasken da ya sauka a kanta take mayarwa lantarki, kuma tsadarta ta sa sai a jikin tauraron ɗan Adam ake ganin irinta. 'Yan tsirarun wurare ne ke ɗaukar rana da muhimmanci: Félix Trombe da murhunsa na madubai a Mont-Louis da ke tsaunukan kudancin Faransa, wasu cibiyoyi a Mosko da Tashkent, da wasu masu bincike a Dakar da ke gwada famfon ruwa mai aiki da zafin rana. A 1961 Majalisar Ɗinkin Duniya ta kira taro a birnin Rum kan sababbin hanyoyin samun makamashi.

Lissafin da ya ja hankalin Abdou Moumouni a fili yake. Da tsakar rana idan gari ya washe, kowane murabba'in mita na ƙasa na karɓar kusan wat 1,000 na hasken rana. A Nijar, abin da ke sauka a kan murabba'in mita ɗaya a yini yana kaiwa kilowat-awa 5 zuwa 7. Ƙasa ce da ba ta da gaɓar teku, a wancan lokacin kowace litar mai sai ta yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 daga tashar jiragen ruwa, mata kuma na ƙara nisa kullum wajen neman itacen girki. A 1964 ya wallafa maƙala a mujallar Présence Africaine kan makamashin rana a ƙasashen Afirka, inda ya shimfiɗa wannan hujja.

Littafin da ya yi masa suna

A wannan shekara ta 1964 gidan ɗab'i na Maspero da ke Paris ya fitar da littafinsa mai suna L'Éducation en Afrique, wato Ilimi a Afirka. An fassara shi zuwa Ingilishi a 1968, aka sake buga shi da Faransanci a 1998. A ƙasashe da dama ta wannan littafi aka fara sanin sa, kafin a san shi da aikin rana.

Ya fara da tarbiyyar gargajiya, ya nuna cewa tsari ce mai matakai, wadda al'umma gaba ɗaya ke ɗaukar nauyinta, kuma ba ta raba koyo da aiki: ɗan maƙeri a maƙera yake koyo, ɗan manomi a gona. Bai ɓoye gazawarta ba, musamman ƙarancin rubutu da wahalar adana ilimi mai zurfi. Daga nan ya bi makarantar mulkin mallaka dalla-dalla, da dokokinta da manhajojinta da alƙalumanta, ya nuna yadda aka gina ta don fitar da 'yan ƙalilan masu yi wa hukuma hidima, waɗanda ke fita suna ƙyamar aikin hannu da harshen iyayensu.

Shawarar da ya bayar ita ce a fara koyar da yara da harsunansu na gida, a yaƙi jahilci tsakanin manya, a haɗa makaranta da sana'a, a kuma ba kimiyya da fasaha babban gurbi. Wanda ke faɗin haka mutum ne da ya doke 'ya'yan Faransa a jarrabawarsu da harshensu, don haka ba a iya cewa gazawa ce ta sa shi. A 1973 Nijar ta buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma har gobe muhawarar harshen koyarwa ba ta mutu ba.

Digirin da ya ɗauki shekara 11

Daga Tarayyar Sobiyet, Bamako ya nufa, inda Modibo Keïta ke mulki. A 1964 ya kafa ɗakin binciken makamashin rana na ƙasar Mali, ya shugabance shi har 1969, yana kuma koyarwa a babbar makarantar horon malamai ta birnin.

Yana cikin wannan aiki ne ya kammala digirin digirgir. A 1967 ya kare kundinsa a Paris ya samu doctorat d'État a kimiyyar fiziks, shekara 11 bayan agrégation, yana dab da shekara 40. Wannan shi ne digiri mafi girma a tsarin Faransa na lokacin, wanda sai da shi ake zama cikakken farfesa. Ba a yin sa cikin shekara uku kamar na yau. Mutum kan tara bincike na shekaru, ya wallafa sakamako, sannan ya fuskanci alƙalai. Faransa ta soke wannan tsari a 1984.

Binciken nasa ya shafi madubi mai siffar kwano, wanda ke tattara hasken rana ya mai da shi wuri guda. Duk yaron da ya taɓa ƙona takarda da gilashin ƙara girma ya san tushen abin. A takarda, hasken da ya bugi irin wannan madubi ya kamata ya haɗu a ɗigo ɗaya. A zahiri ba haka yake ba, domin rana tana da faɗi a sararin sama, kuma babu madubin da ba shi da 'yar karkata. Saboda haka hasken kan bazu ya zama tabo, tsakiyarsa ta fi zafi, gefensa ya fi sanyi. Wanda bai san yadda zafin ke rarrabuwa a wannan tabo ba, ba zai san girman tukunyar da zai ɗora a wurin ba, ko ƙarfen da zai jure, ko yawan zafin da zai salwanta. Wannan rarrabuwa ce ya lissafa, ya kuma auna ta a gwaji.

Matashin da ke cika takardun neman digiri na uku a yau zai ga abubuwan da ya sani a wannan tafiya. Ana tambayarsa takardun digiri na biyu, da tsarin binciken da yake son yi, da malamin da ya yarda ya duba shi, da ɗakin gwajin da zai karɓe shi, da wanda zai biya kuɗin. A fannoni masu tsada, kamar binciken ƙwayoyin halittar fata masu sabunta kansu, waɗanda ake raino a ɗakin gwaji a samar da sabuwar fata ga waɗanda wuta ta ƙona, kusan dole ne a fita waje, domin kayan aikin suna can. Abdou Moumouni ma ya fita, har sau biyu, zuwa ɓangarori biyu na duniya da ke gaba da juna. Abin da ya bambanta shi shi ne tambayar da ya tafi da ita daga gida ya ɗauko ta, kuma kafin ya kare kundin ya riga ya gina ɗakin da zai ci gaba da aikin a Afirka.

ONERSOL

A watan Nuwambar 1968 sojoji suka kifar da Modibo Keïta. A 1969 Abdou Moumouni ya dawo Yamai ya karɓi shugabancin hukumar makamashin rana ta Nijar, ONERSOL, wadda aka kafa a 1965. Ya riƙe ta har 1985.

Ya dawo a daidai lokacin da fari ya fara cin Sahel, farin da ya kai ƙololuwa a 1973 da 1974, ya kashe dabbobi ba adadi, ya kori makiyaya zuwa gefen birane. A 1973 kuma farashin mai ya yi tashin gwauron zabo a duniya. Abin da ake wa kallon son rai na malami ya zama maganar gwamnatoci.

Tsarin ONERSOL shi ne bincike da ƙira su zauna wuri guda: a auna, a zana, a ƙera, a gwada a ƙarƙashin rana da ƙurar Yamai, sannan a sayar. Kayan da aka fi sanin hukumar da su su ne na'urorin ɗumama ruwa. Akwati ne mai baƙin ciki da murfin gilashi, bututu na ratsa shi. Ruwan da ya yi zafi ya fi sauƙin nauyi, sai ya hau tanki da kansa, mai sanyi ya sauko ya maye gurbinsa, ba famfo ba lantarki. An kuma yi na'urar tace ruwa, inda rana ke mai da ruwa tururi, tururin ya taru a jikin gilashi ya gangaro tsarkakakke, irin wanda asibitoci da masu batirin mota ke buƙata. Akwai murhun girki na madubi, da na'urar busar da kayan gona da nama, wadda ke kare su daga ƙura da ƙuda, abin da duk mai shanya kilishi ko albasa ko tumatir ya san darajarsa.

Babban burinsa shi ne inji. A zafafa wani ruwa mai saurin tafasa da zafin rana, tururinsa ya tura fistan, fistan ya juya famfo ko janareta, sannan a sanyaya tururin da ruwan da aka jawo, ya koma ya sake zagayowa. ONERSOL ta yi aiki da kamfanin Spilling na Jamus, wanda ya ƙware a injinan tururi, aka ƙera injin da ke ɗauke da sunan hukumar. Manufar ita ce ƙauyen da babu layin lantarki ya samu ruwan sha da na ban ruwa ba tare da jiran tankar gas ba.

Sunansa ya kai ƙasashen waje. Ya yi wa UNESCO da Bankin Raya Afirka aikin ba da shawara, ya samu lambobin girma a gida da waje, ciki har da lambar zinare ta hukumar kare haƙƙin masu ƙirƙira ta duniya.

Shugabancin jami'a

A 1971 aka buɗe cibiyar ilimi mai zurfi a Yamai, wadda ta zama jami'a a 1973. Harabarta na hayin kogi, a unguwar Harobanda, inda Gadar Kennedy ke haɗa ta da tsakiyar birni. Abdou Moumouni ya zama farfesa a tsangayar kimiyya daga tsakiyar shekarun 1970, kuma bai daina shiga aji ba har ƙarshen rayuwarsa.

A 1979 aka naɗa shi shugaban jami'ar, ya gaji Boubakar Ba, masanin lissafi wanda shi ne shugabanta na farko. Lokacin mulkin soja ne na Seyni Kountché, wanda ya karɓi mulki ranar 15 ga Afrilun 1974. Kujerar tana tsakanin wuta biyu: gwamnatin da ba ta son gardama, da ƙungiyar ɗalibai ta USN da ba ta san tsoro ba. Tsohon ɗan gwagwarmayar FEANF ya tsinci kansa a ɗaya gefen teburin. 'Yan shekaru ya yi a kan kujerar, ya koma ajinsa da ɗakin gwajinsa.

Abin da ya hana ruwa gudu

Mai karatu zai tambaya: in haka ne, me ya sa Nijar ba ta zama jagorar sola a Afirka ba?

Dalilan suna da yawa. Kuɗin yuraniyom, wanda aka fara haƙa a Arlit a 1971, ya cika baitulmali a ƙarshen shekarun 1970, amma farashinsa ya faɗi a farkon shekarun 1980. Fari ya dawo a 1984. Bashi ya yi katutu, aka shiga tsuke bakin aljihu bisa sharuɗɗan masu ba da lamuni, kuma a irin wannan yanayi kuɗin bincike ne ake fara yankewa. A 1986 farashin mai ya rushe, ƙasashen da ke tallafa wa binciken sola suka juya baya. Tun 1976 kuma Yamai ke shan lantarki mai arha daga madatsar Kainji ta Najeriya ta layin Birnin Kebbi, abin da ya rage matsin neman wata hanya.

Akwai kuma dalili na fasaha. Injin da ke aiki da zafin rana yana da sassa masu motsi da ke buƙatar gyara da makaniki. Farantin sola ba shi da abin da ke motsi. Da farashinsa ya yi ta sauka, musamman bayan masana'antun Sin sun shiga harkar, shi ne ya ci kasuwar famfo da hasken gida. Farantan da suka cika kasuwannin Yamai da Maradi da Kano a yau daga waje ake shigo da su, alhali abin da Abdou Moumouni ya yi ta nema shi ne a ƙera kayan a gida.

Rasuwa da abin da ya bari

Allah ya yi masa rasuwa a Yamai ranar 7 ga Afrilun 1991, yana da shekara 61. Ya rasu a tsakiyar guguwar sauyi: shekara guda bayan harbin ɗalibai a Gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairun 1990, kuma 'yan watanni kafin buɗe babban taron ƙasa ranar 29 ga Yulin 1991. A 1992 aka sanya wa jami'ar Yamai sunansa.

ONERSOL ta sauya suna a 1998 ta zama cibiyar makamashin rana ta ƙasa, daga baya ta koma hukumar ANERSOL. Jami'ar da ke ɗauke da sunansa tana da makarantun digiri na uku, kuma ita ce ke karɓar shirin WASCAL kan sauyin yanayi da makamashi, wanda ɗalibai daga ƙasashen Afirka ta Yamma ke zuwa yi a Yamai. Digirin da ya je nema Paris, yanzu ana kare irinsa a hayin kogi.

A 2018 Nijar ta buɗe tashar sola mai megawat 7 a Malbaza. A watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta katse lantarkin da take ba Nijar a ƙarƙashin takunkumin ECOWAS, a lokacin da kusan kashi 70 cikin 100 na wutar ƙasar daga can yake zuwa. Unguwannin Yamai suka riƙa kwana cikin duhu, masu sayar da ƙanƙara da teloli da masu walda suka ji a jikinsu. Cikin abubuwan da suka sassauta lamarin har da tashar sola mai megawat 30 ta Gorou Banda, a gefen birnin, wadda ta fara ba da wuta kafin ƙarshen shekarar, shekara 59 bayan maƙalar da Abdou Moumouni ya rubuta a 1964.

Duk ranar 7 ga Afrilu ana tunawa da shi a Yamai da taruka kan makamashi mai sabuntuwa. Allah ya jiƙansa da rahama.